Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ƙaramin Jakadan Najeriya a Jidda Kan Direbobin Fokalif 'Yan Sa'alaba



Wannan wasiƙa ta zo ne a kan wasu 'yan Najeriya da ba a cika ganinsu a bakin ofishin jakadanci ba sai fasfo ya mutu, ko kuma mai fasfon ya mutu. Su ne masu tuƙa fokalif, ƙaramar motar nan mai ƙahoni biyu na ƙarfe a gaba, a sito-siton ajiyar kaya na kudancin Jidda. Da wuya buhun shinkafar Indiya ko kwalin kazar Barazil ya sauka a tashar jiragen ruwan Jidda ya isa kantin unguwa bai hau kan waɗannan ƙahoni ba, sau biyu ko uku ma. Cikin masu riƙe da sitiyarin akwai 'ya'yan Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, akwai kuma mawalid, waɗanda aka haifa a nan, ba su taɓa taka ƙasar da ke rubuce a bangon fasfonsu ba.

Damuwar a taƙaice take. Da yawansu sun iya aikin, amma babu takardar da ta ce sun iya. Muddin ana lafiya ba wanda ke tambaya. Ranar da kaya suka zubo ko motar ta kife, wannan takarda ce ke raba wanda za a yi wa magani a biya shi haƙƙinsa da wanda za a ɗora wa laifi a wuce da shi Shumaisi, inda ake tsare baƙin da za a kora.

Ɗaukar kaya a Jidda ba baƙuwar sana'a ba ce ga Bahaushe. Tun zamanin da ake zuwa Hajji a ƙasa, a ratsa Barno da Wadai da Darfur a ƙetare Bahar Maliya daga Suwakin, alhazan da guzurinsu ya ƙare sukan yada zango a bayan ganuwar Jidda, su yi dako da ga-ruwa har su tara na ƙarasawa Makka ko na komawa gida. Ƙaurar da ta biyo bayan yaƙin Burmi a 1903 ta ƙara yawan masu nufo gabas. Unguwar bukkoki da ake kira Nakatu, kudu da tsohon gari, ta mutanen Afirka ta Yamma ce. Da aka rushe ganuwar a 1947 gari ya buɗe, zuriyarsu suka bazu cikin Hindawiyya da Sabil da Karantina da Gulail da Sa'alaba, duk a gindin tashar jiragen ruwa. A tsakiyar shekarun 1970, da kuɗin mai ya kwararo, jirage suka yi cunkoso a bakin Jidda har sai da aka ɗauko jirage masu saukar ungulu suna kwashe siminti daga tsakiyar ruwa. A 1976 aka kafa hukumar tashoshin ruwa ta Saudiyya, wadda ake kira Mawani a yau. Daga nan kwantena ta kori buhu daga kafaɗa, jikan ɗan dako ya ajiye gammo ya hau kujerar fokalif.

Sa'alaba ta yi wa wannan sana'a hidimar da babu ofishin da ya yi mata. A da, a can yaro ke jin labarin sito kaza na neman direba, a ƙofar masallaci bayan la'asar ko a teburin mai shayi. A can dattijo zai kama hannunsa ya kai shi gaban mudir, wato manajan sito, ya ce, wannan ɗana ne, ni na tsaya masa. Idan mutum ya ji ciwo a wurin aiki, kafin magariba labari ya zaga lungu, an yi karo-karo, an samo wanda ya iya Larabcin ofis ya raka shi asibiti. Kada a yi mata ado fiye da kima: lunguna ne matsattsu, ruwan kwata a kan hanya, gidaje da yawa babu takardar mallaka. Amma idan ana neman wane, akwai wanda ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 hukumomin Jidda suka shiga rushe unguwanni marasa tsari fiye da 60, Sa'alaba da maƙwabtanta na cikinsu. A shafa wa bango jan fenti na umarnin tashi, a ba da 'yan kwanaki, katafila ta biyo baya. Ƙungiyar Amnesty International ta ce a rahotonta na watan Yunin 2022 abin ya shafi mutane wajen rabin miliyan, kuma tsarin biyan diyya bai haɗa da baƙi ba. Hukunci ne na masu ƙasa a kan ƙasarsu, wasiƙar nan ba ta zo yin jayayya da shi ba. Abin da ya shafi ofishin jakadanci shi ne abin da ya biyo baya: mutane sun watse, haya ta yi tashin gwauron zabo, direban da ke takawa zuwa bakin aiki yanzu sai ya yi sammako ya jira motar kamfani, dattijon da ke tsaya masa kuwa wani ya koma Makka, wani ya tattara ya koma gida. Hidimar da unguwa ke yi kyauta ta tsaya, babu wanda ya gaje ta.

Aikin kansa kuwa ƙaruwa yake yi. A watan Yunin 2021 Saudiyya ta ƙaddamar da babban shirinta na sufuri da jigilar kaya, a watan Agustan 2023 kuma Yarima Muhammad bin Salman ya bayyana tsarin gina cibiyoyin jigila 59 kafin 2030, 12 daga ciki a lardin Makka. Kamfanonin Red Sea Gateway Terminal da DP World na riƙe da tashoshin kwantena na Jidda bisa yarjejeniyar shekara 30 da suka sa wa hannu a ƙarshen 2019. A watan Agustan 2024 kamfanin Maersk ya buɗe filin ajiya da rarraba kaya mai faɗin murabba'in mita 225,000 a cikin tashar, kan kuɗi dala miliyan 250. Can kudu a Khumra kuma sito-sito ne jere iya ganin ido. Kowane ɗaya yana buƙatar direba. Sai dai manyan kamfanoni ba sa ɗaukar mutum don dattijo ya tsaya masa. Lasisi suke nema da katin horo da igama, wato takardar zaman baƙo, mai ɗauke da sana'ar da ta dace. Wanda ba shi da su sai ya gangara ƙananan sito-sito, inda mota ta tsufa, albashi ya yi ƙasa, ido kuma ba ya kaiwa. Da hare-haren Bahar Maliya suka sa jirage da yawa zagayawa ta kudancin Afirka tun ƙarshen 2023, aiki ya ja baya a Jidda, kuma ba sai an faɗa wa kowa wanda ake fara sallama a irin wannan lokaci ba.

Ya kamata mai girma jakada ya san motar da ake magana a kanta, domin ƙanƙantarta na yaudarar mai kallo. Fokalif mai ɗaukar tan 2.5, ita kanta nauyinta ya kai tan 4 ko kusa da haka, saboda dunƙulen ƙarfen da aka ɗaura mata a baya don ya rinjayi kayan gaba. Da tayoyin baya take juyawa, shi ya sa gindinta ke yin waje a kwana ya kwashe ƙafar wanda ya tsaya yana ganin ya ba da hanya. Tayoyi huɗu gare ta, amma a wuri uku take dogara: tayoyin gaba biyu, da ƙusa guda da ke riƙe da na baya a tsakiya. Yarinyar da ta ɗora tiren talla a ka ta san ba a juyowa da gaggawa. Haka direban da ya ɗaga tabliya sama, wato katakon da ake jera kaya a kai, idan ya murza sitiyari kafin ya sauke ta, nauyi ya fita daga tsakanin wuraren nan uku, sai ƙasa. A jikin kowace mota akwai ɗan faranti da ke faɗin nauyin da za ta iya ɗauka idan tsakiyar kayan na nesa da gindin ƙahoni da santimita 50 ko 60. Kaya suka yi tsawo suka zarce haka, ƙarfinta ya ragu, ko da sikeli ya ce nauyin bai canza ba. Da Turanci ake rubuta farantin, wani lokaci da Japananci idan motar 'yar gwanjo ce. Wanda ya koya a hannun abokinsa lokacin hutun cin abinci, da wuya a taɓa nuna masa shi.

Abin da ya fi kashe direbobi shi ne kifewa, kuma a nan ne hankalin ɗan Adam ke cin amanarsa. Mota ta fara karkata, jiki ya ce a yi tsalle. Mai tsalle yakan faɗi ta gefen da motar ke faɗuwa, rumfar ƙarfen da aka yi don kare kansa ita ce ke danne shi. Abin da ake koyarwa a aji shi ne a ɗaura bel, a riƙe sitiyari gam, a tokare ƙafafu, a karkata jiki nesa da inda ake faɗuwa, a zauna a ciki. Darasi ne na minti biyar. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta taɓa ƙiyasta cewa fokalif na kashe kimanin mutum 85 a shekara a ƙasar, tana yi wa kusan 35,000 mummunan rauni, kuma tun 1999 dokarta ta wajabta a horar da kowane direba, a sake gwada shi duk shekara uku. A ƙasar da ake horarwa ke nan.

A dubi sauke kwantena guda a watan Agusta. Tirela ta ja baya ta tsaya a bakin sito, an buɗe ƙofofi, zafin da ya kwana a ciki ya bugo fuska. Direba zai hau gangarar ƙarfe ya shige cikin akwatin da faɗinsa bai kai mita biyu da rabi ba, ya soka ƙahoni a ƙarƙashin tabliya, ya ɗan kwantar da kayan baya, ya fito da baya-baya yana waige, gumi na shiga masa ido. Idan motar ta dizal ce ko ta gas, hayaƙinta na taruwa a cikin akwatin, kuma iskar da ke sa mutum jiri har ya suma ba ta da wari. Idan direban tirela bai sa wa tayoyinsa waigi ba, ko ya ja gaba yana zaton an gama, gangarar ta zame, fokalif ta faɗo da mai ita. A bayansa mushrif, mai sa ido kan aikin, na tafa hannu yana yalla, yalla, domin akwai wasu tireloli a layi, kuma kowace kwantena da ta wuce kwanakinta akwai tarar da kamfanin jirgi ke caja. Dokar hana aiki a rana daga 12 zuwa 3, wadda ke aiki daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, ta masu aiki ne a ƙarƙashin rana kai tsaye. Rumfar kwano da cikin kwantena inuwa ce a takarda. Jidda kuwa gari ne da ma'aunin zafi ya taɓa kaiwa 52 a watan Yunin 2010, ga laimar teku da ba ta barin gumi ya bushe. Na sito mai sanyi nasa daban ne: ya shiga ɗakin kaji da nama mai sanyin 18 ƙasa da sifili, ya fito cikin zafin bakin ƙofa, ya koma, haka har a tashi.

Duk wannan aiki ne, kuma namiji ba ya gudun aiki. Inda gizo ke saƙar shi ne takarda.

A igamar kowane baƙo akwai sana'ar da aka rubuta masa. Sashe na 38 na dokar ƙwadagon Saudiyya ya hana mai kamfani sa ma'aikaci aikin da ba shi ne a izininsa ba, ya kuma hana ma'aikacin yin sa kafin a canza masa sana'a a hukumance. Amma sau da yawa wanda ke kan fokalif, igamarsa lebura ta ce, ko mai lodi, ko ma direban gida. Haka ya fi wa mai sito sauƙi: albashin lebura yake biya, aikin direba yake karɓa. Wani kuma da abin da ake kira firi biza ya shigo, ya sayi biza a hannun dillali da kuɗin gonar gado, kafilinsa bai san inda yake kwana ba, sai dai ƙarshen wata ya aiko a ba shi nasa. Babu wata biza mai wannan suna a dokar Saudiyya. Yin aiki a wurin wanda ba kafilinka ba laifi ne, sai in an bi ta tsarin Ajeer da gwamnati ta tanada don aron ma'aikata. Sashe na 40 ya ɗora wa mai kamfani kuɗin ɗauko ma'aikaci da na igama da izinin aiki da canjin sana'a da tikitin komawa gida, amma mai firi biza shi ke biyan duka daga aljihunsa, har da harajin baƙi na riyal 700 ko 800 a wata da ya kamata kamfani ya biya. Mai iyali kuma ga riyal 400 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa tun Yulin 2020. Mutumin da ke ɗauke da wannan nauyi ba zai ce wa mushrif birki ba ya ci, ba zan hau ba.

Sai lasisi. Dokar hanya ta Saudiyya ta ware lasisi na musamman ga motocin ayyuka, daban da na ƙaramar mota, kuma kamfanonin kirki na ƙara neman katin gwaji daga cibiyoyin da aka amince da su, wanda ma'aikata ke kira katin TUV. Horon na kwanaki kaɗan ne. Amma da Larabci ko Turanci ake yin sa, ana kuma duba igama kafin a karɓi mutum. Ga gwanin da zai iya zura tabliya a kanta ta biyar ba tare da ya taɓa ta kusa da ita ba, amma takardar jarrabawa ta gagare shi.

Ranar hatsari ake gane bambancin. Kowane ma'aikacin kamfani da aka yi wa rajista, ɗan ƙasa ko baƙo, yana ƙarƙashin inshorar haɗarin aiki ta hukumar GOSI, wadda mai kamfani ke biya wa kashi 2 cikin 100 na albashi. Ita ke ɗaukar magani, ta biya kuɗin kwanakin jinya, ta biya diyyar nakasa, ko ta biya magada idan rai ya yi halinsa. Sharaɗin shi ne ma'aikaci ya sanar da mai kamfani cikin kwana 7, shi kuma ya sanar da hukumar cikin kwana 3. Direbobi nawa ne suka san da waɗannan kwanaki? Abin da aka saba ji shi ne a ɗauki mai rauni a motar kamfani, a hanya a ce masa, idan likita ya tambaya ka ce a gida ka faɗi, za mu kula da kai. Ya faɗi haka, an rubuta, shi ke nan ya sa hannu a kan asarar haƙƙinsa. Bayan wata biyu ƙafa ba ta koma daidai ba, kulawar ta ƙare. Wanda kuma yake aiki a sito da ba na kafilinsa ba, ko motar asibiti tsoron kira ake yi.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Idan direba ya take abokin aikinsa ya mutu, maganar diyya ce, kuma tun 2011 diyyar kisan kuskure riyal 300,000 ce. Mai lasisi da ke aikin da aka ɗauke shi dominsa yana da abin faɗa a gaban alƙali, yana da kamfani da inshora a bayansa. Wanda igamarsa ta ce lebura, tambayar farko da za a yi masa ita ce wa ya ce ka hau? Mudir ɗin da ya miƙa masa makulli da safe ba lallai ya tuna ba.

Dokar Saudiyya ba ta bar ma'aikaci haka kawai ba, gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Awa 8 ne aikin yini ko 48 a mako, a azumi 6 ga Musulmi. Ba a wuce awa 5 a jere ba tare da hutun rabin awa ba. Awar ƙari tana da ƙarin rabin kuɗinta. Wanda kwantiraginsa ya ƙare yana da ladan ƙarshen hidima, rabin albashin wata kan kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakken wata kan kowace shekara bayan haka. Riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne. Tun 14 ga Maris 2021 ma'aikacin kamfani na iya canza wurin aiki bayan shekara guda ba sai kafili ya yarda ba, ta manhajar Qiwa. Akwai zaman sulhu a ma'aikatar ƙwadago, in ya gagara a wuce kotun ma'aikata, amma ƙara ba ta karɓuwa bayan wata 12 da rabuwa da aiki. Akwai lambar waya 19911. Duk waɗannan suna nan a rubuce, cikin harshen da mutanenmu da yawa ke ji a kasuwa amma ba sa karantawa a takarda.

Wasu ƙasashe sun gane haka tuntuni. Filifin na da ofishin ma'aikatanta a nan Jidda, wanda ke tantance kwantiragi kafin ɗan ƙasarta ya baro gida, kuma a ƙarshen 2021 ta kafa ma'aikata sukutum ta 'yan ci-rani. Indiya na da tsarin eMigrate da ke rajistar masu ɗauka da waɗanda ake ɗauka, tana da mafi ƙarancin albashin da take yarda a ɗauki ɗan ƙasarta a kai, sana'a-sana'a, da asusun jin daɗin al'umma a ofisoshin jakadancinta tun 2009. Shi ya sa a sito guda za a tarar da mutum biyu a kan mota iri ɗaya, ɗaya da kwantiragin da ƙasarsa ta duba, ɗaya da alkawarin baki na wani ejan a Kano.

Kowa ya san nauyin da ke kan ofishin Jidda. Hajji kaɗai ya isa ya cinye rabin shekara, ga Umra ba ta yankewa, ga masu jiran takardar komawa gida, ga gawawwaki. Ba a neman mai girma jakada ya zama kafilin kowa, ba a kuma neman ya halatta zaman wanda ya shigo da bizar Umra ya maƙale. Wannan sai dai a jira irin rangwamen da Saudiyya ta yi a 2013 da 2017 na gyara takardu ko fita babu tara. Amma yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan hulɗar ƙananan ofisoshin jakadanci ta ba shi ikon kare muradun 'yan ƙasarsa, da ziyartar wanda aka tsare, da samun labari idan ɗan ƙasarsa ya rasu. A cikin wannan iko akwai abubuwan da ba sa buƙatar kasafin kuɗi daga Abuja.

Na farkonsu shi ne a san su. Rajista mai sauƙi: suna, lambar waya, sana'ar da ke igama, aikin da ake yi a zahiri, da wanda za a kira a gida. Mutane za su yi ɗari-ɗari da farko, domin wanda ya saba ɓuya ba ya son ganin biro, saboda haka sai an bi ta hannun limamai da shugabannin al'umma da suka saura, a kuma faɗa a fili cewa littafin na ofishin Najeriya ne. Daga wannan rajista za a ga nawa ne igamarsu ke da rai, sana'a kawai ke buƙatar gyara. Waɗannan su ne masu sauƙi, kuma wasiƙa daga ofishin jakadanci zuwa ga mai kamfani tana da nauyin da roƙon ma'aikaci ba shi da shi.

Horon ma ana iya sauƙaƙa shi. Idan ofishin ya tara mutum ashirin ko talatin ya tunkari ɗaya daga cibiyoyin da aka amince da su, zai samu ragi, zai kuma iya neman a yarda da tafinta. Cikin mawalid akwai samarin da Larabci da Hausa duk nasu ne. Su ne tafintocin. Ko kafin a kai ga haka, ɗan gajeren bayani cikin Hausa, a murya ba a takarda ba, kan duba birki da hon da yoyon mai kafin a tayar da mota, da tafiya da ƙahoni a ƙasa, da hawa gangara kaya na fuskantar sama, da zama a kujera idan ta kife, da kwanakin nan 7 na GOSI, zai zaga wayoyin direbobi cikin mako guda. Hausawan Nijar na cikin sito-siton nan kafaɗa da kafaɗa da na Najeriya, kuma babu abin da zai hana a yi aikin tare da takwaran mai girma jakada na Nijar.

Ana kuma roƙon a ware jami'i guda, mai Hausa da Larabci, wanda aikinsa shi ne ma'aikata: a kira shi daga asibiti kafin a rubuta a gida aka faɗi, ya raka mutum zaman sulhu, ya bi diyyar mamaci har ta isa hannun magada a Funtuwa ko Gusau. Sannan fasfo. Igama ba ta sabuntuwa da mataccen fasfo, igama ta mutu banki ya rufe asusu, albashi ya tsaya, mai aiki na halal ya wayi gari cikin masu laifi. Ma'aikacin da igamarsa ta kusa ƙarewa ya cancanci a sa takardarsa a gaba.

Sauran maganar ta Abuja ce, amma daga Jidda za ta fi ƙarfi. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ce ke ba kamfanonin ɗaukar ma'aikata lasisi, hukumar NiDCOM kuma an kafa ta ne don 'yan Najeriya mazauna waje. Rahoto daga mai girma jakada, da alƙaluman rajistar nan a ciki, zai iya sa a fara duba kwantiragi kafin mutum ya hau jirgi a filin Malam Aminu Kano, a kuma sa asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda ke nan tun 1971, ya horar da direbobi tun a gida. Ribar ba ta Saudiyya kaɗai ba ce. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala a Zawaciki a 2023, ta Funtuwa a 2024, kuma kowace tana buƙatar irin hannun da ke sauke kwantena a Khumra. Wanda ya dawo da lasisi da katin horo yana da abin nunawa a bakin ƙofarsu.

Idan mai girma jakada ya ga dacewar a fara, a lura cewa yawancin direbobin ranar Juma'a kaɗai suke hutu, kuma zuwa ofishin a ranar aiki na nufin a yanke musu kuɗin yini. Zaman farko ya fi dacewa a yi shi bayan sallar Juma'a, a kudancin gari kusa da inda suke kwana yanzu, a sanar da shi mako biyu kafin ranar ta saƙon murya na WhatsApp cikin Hausa, a kuma ce kowa ya zo da igamarsa da kwafin kwantiraginsa idan yana da shi.

Allah ya taimaki mai girma jakada, ya yi masa jagora.

Wassalam.

Daga wani ɗan Najeriya mazaunin Jidda